Ƙugiya

Ƙarfe shida a Farar Gada,
sanyi ya riƙe yatsu kamar mai bin bashi.
Na hura su, na kara su a gefen kwamfuta
inda take fitar da ɗumi.
Sai sun saki sannan mu fara.

Ta hannu ce. Ɗan'azumi ya sayar min a Dilimi,
ya rantse wata likita ce ta riƙe ta a ƙetare,
ko sau ɗaya ba ta faɗi ba.
Wataƙila. Abin da na sani,
wanda ya jera waɗannan maɓallai
bai taɓa gaida kowa da Hausa ba.

Dubi A.
Shekara uku, ya goge tas,
ya yi sulɓi kamar dutsen wanki a bakin rafi,
ƙaramin yatsana na hagu ya haƙa masa rami.
Shi ne daka, shi ne tankaɗe.
Bisa kansa kuwa ga Q a zaune,
fes da shi, ko gumi bai sani ba,
shi da X da V,
ma'aikatan bogi, sai karɓar albashi.
Can sama jerin F har goma sha biyu,
kujerun manyan baƙi a wurin taro:
an keɓe, an goge, ba wanda ya zo.

Babana shekara talatin yana buga tafireta
a ofishin kuza.
In ya zauna sai ka ce ƙanƙara a kan kwano.
Maɓalli ya nutse, ya taso, ya ce maka na ji.
Wannan kuwa shafa ake yi,
kamar ka miƙa ƙafa kana zaton da sauran matakala
ka ci karo da daɓe.
Kafin la'asar wuyan hannu na zugi.
Kuma wane marar imani ya ajiye na kashewa
daf da na gogewa?
Babi na huɗu na aikin Chundung nan ya bi,
saura kwana biyu ta miƙa.
Muka raba dare muna tono shi daga ƙwaƙwalwarta
da shayi da soyayyen dankali.

Duk wannan mai sauƙi ne.
Wata Laraba Baba Tanimu ya zo daga Naraguta,
wasiƙa zai aika wa ɗansa da ya daina kira.
Ya ce rubuta, ina cikin baƙin ciki.
Na buga. Allo ya ce bakin ciki.
Ya ce, kada ka manta ƙasarku.
Allo ya ce kasarku.
Ya sa tabarau, ya bi layi da yatsa, ya tsaya.
Ya ce, 'yata, kasa ai macijiya ce.
Ban haifi ɗa don in aika masa maciji ba.
Na ɗauki biro na bi takardar
ina rataya wa kowane harafi ƙugiyarsa,
kamar mai ɗinke riga a jikin mai ita
yana tsaye yana jira.

Washegari na koma Dilimi.
Ɗan'azumi ya yi 'yan danne-dannensa, ya karɓi dubu.
Q ya zama ƙ, X ya zama ɗ, V ya zama ɓ.
Na yanko filasta na manna,
na zana su da jan farce, hannu na rawa,
ɗ ɗin ya fito kamar ludayi.

In ɗalibai sun kawo na Turanci
sai in juya ta, ta koma yadda aka haife ta,
ba ma faɗa.
Amma da dare, in layi ya watse,
janareton maƙwabci ya yi shiru,
nakan rubuta ɗaki, ƙofa, ɓera, ƙanƙara,
don kawai in ji su a ƙarƙashin yatsa.

Filastar ƙ ta fara duhu,
gefenta ya ɗago.
Ɗan Baba Tanimu har yau bai kira ba.
Tsohon ya ce Laraba mai zuwa
zai dawo mu sake wata.